Awartakin Jabbi

A ɗakin gwaji akwai kawuna goma sha biyu,
kawunan roba, baki a hangame tun safe.
Nawa na raɗa masa suna Alhaji Shiru.
Sau tara na huda masa turmi a mako guda,
bai yi jini ba, bai zage ni ba,
bai ce a kira masa ɗansa ba.

Dakta Sanda mutumin alli ne da allo.
Sunayen jijiyoyi sai ka haddace su tsaf,
in ka yi tuntuɓe ya leƙo ka ta saman tabarau.
Dakta Inno kuwa da'ira take zaunar da mu,
ta jefo labarin wani majinyaci
kamar an watsa wa kaji tsaba,
ta koma gefe tana kallon wa zai tsinci me.
Su biyun ba sa shan shayi tare.

Kakana Jabbi wanzami ne a Kware.
Makarantarsa zabira ce.
Shekara bakwai babana yana saɓe da ita
kafin a bar shi ya leƙa bakin mutum.
Kanumfari, ruwan gishiri, asuwakin darbejiya,
in abin ya ƙi, a zaro awartaki.
Tsutsa ce, in ji shi, ke cin haƙori da dare.
Na san ba tsutsa ba ce.
Na kuma san Tumba mai fura,
wadda muƙamuƙinta ya kumbura bayan aikinsa
har aka kawo ta birni kwance a bayan mota.
Ba a faɗin wannan a gidanmu.
Ni na faɗa.

Ranar da aka ba ni mutum na farko,
manomin albasa ne daga bakin gulbi.
Ya ga fitila, ya ga allura,
ya datse baki kamar ƙofar rumbu.
Na lalubi allon Sanda a kaina, babu mabuɗi.
Na lalubi da'irar Inno, kowa ya yi tsit.
Alhaji Shiru bai taɓa rufe mini baki ba.

Sai hannuna ya tuna abin da ban karanta ba.
Na dafa kafaɗarsa yadda Jabbi ke yi,
na ce, Baba, nawa buhu yanzu a kasuwa?
Ya ce dillalai sun cuce su bana,
ya fara lissafi, ruwa ya ci fadama,
taki ya yi tsada, jaki ya mutu,
kafin ya kai ga bashin surukinsa
dasashi ya riga ya yi barci.
Jijiyar tana nan inda Sanda ya zana ta.
Tambayar da ta hana ni kuskure, ta Inno ce:
kana shan maganin hawan jini?

Bara da azumi ya wuce, Jabbi ya zo da kansa,
kunci a kumbure, yana warin kanumfari.
Haƙori uku suka rage masa, ɗaya ya yi tawaye.
Ya hau kujera kamar mai hawa raƙumin aro.
Ya ce in nuna masa ƙarfen tukuna.
Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafi.
"Hajo, wanga ai awartakina na,
dahwa shi kawai anka yi."
Na ce, dahuwar ita ce karatun, Kaka.
Bai amsa ba. Ya buɗe baki.

Da na gama ya miƙo hannu,
na naɗe masa haƙorin a auduga.
Ya ce na yi saurin ja,
ya ce hannuna da sanyi,
ya tambayi nawa ake sayar da tukunyar dahuwar.